Karanta jinom ɗin kifin tekun da ba a yi bincike a kansa ba: daga ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin kifi a wata jami'a da ke bakin teku a kudancin Najeriya. Akwai wani ɗan kifi da masunta ke kamawa sosai a nan, na duba a intanet ban ga wanda ya taɓa karanta jinom ɗinsa ba, sufabaizana ya ce in yi tunani a kai. Shin abu ne mai yiwuwa? Me ake buƙata, kuma wane amfani zai yi idan an gama?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki, kina so ki san ko ɗaliba irinki za ta iya ɗaukar kifin da babu komai nasa a rumbun bayanai ta fitar masa da cikakken jinom, da abin da hakan zai ci, da kuma ko wahalar za ta biya. Amsar ita ce eh, yana yiwuwa, a yau ma ya fi kowane lokaci sauƙi. Sai dai inda mutane ke zaton wahalar take ba nan take ba. Kowa hankalinsa na kan na'urar da ke karanta DNA, alhali a abin da na gani a aikin nan, yawancin jinom ɗin da suka lalace tun a bakin ruwa suka lalace, cikin awa ɗaya ko biyu da fitowar kifin daga koma, kafin ma ya ga ƙofar lab.

Bari in ɗan shimfiɗa miki tushe tukuna. Jinom shi ne gaba ɗayan DNA da ke cikin ƙwayar halittar dabba, a rubuce da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T. Na ɗan Adam haruffa biliyan 3 ne da 'yan kai. Kifaye masu ƙashi da yawansu suna wajen biliyan 1 ko ƙasa da haka, amma fa bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. Kifin fugu na Japan, wanda aka fitar da jinom ɗinsa a 2002, wajen miliyan 400 yake da shi, ƙanƙantar ma ita ta sa aka zaɓe shi tun farko. Gaiwa kuwa, wannan dai tamu da ke shigewa cikin laka ta jira damina, da aka karanta nata a 2021 sai aka samu kusan biliyan 40, ta ninka na mutum fiye da sau goma. To kin ga ba a cewa "kifi ne ai, ƙarami ne", sai an auna.

Kuma kada ki yi mamakin rashin ganin kifinki a intanet. Nau'o'in kifi da aka sani a duniya sun haura 35,000, waɗanda ke da jinom mai kyau kaɗan ne daga ciki, kuma galibi ko dai waɗanda ake kiwo ne ana samun kuɗi da su irin su salmon da karfasa, ko waɗanda ake gwaji da su a lab irin zebrafish. Kifayen gaɓar Afirka ta Yamma an bar su a baya sosai. A 2022 masanan da suka kafa shirin African BioGenome Project sun yi rubutu a mujallar Nature, suka buɗe shi da misalin wani kifi mai suna Bostrychus africanus da ke zaune inda kogi ke haɗuwa da teku a mashigin tekun Gini, mutane suna ci suna sayarwa suna rufa wa kansu asiri da shi, amma kusan ba a san komai ba game da ƙwayoyin gadonsa. Burin shirin nasu, wanda ake taƙaitawa AfricaBP, shi ne a karanta jinom ɗin halittun Afirka sama da 100,000, kuma a yi aikin a cikin Afirka. Saboda haka tunanin sufabaizanki yana kan hanya.

Aikin bakin ruwa

Abu na farko, ki tabbatar wane kifi ne a hannunki. Wannan kamar wasa amma shi ne ya fi cin mutane. Masunta sukan kira kifaye biyu ko uku masu kama da juna da suna ɗaya, wani lokacin kuma kifi ɗaya yana da suna daban yana ƙarami, daban in ya girma. Na taɓa karɓar bayanan wani aiki da aka turo min in haɗa, aka ce kifi kaza ne, da na ciro wani ɗan yanki na DNA ɗin na gwada da abin da ke rumbun bayanai sai ga shi ɗan'uwansa ne na kusa, ba shi ba, kuma babu gawar kifin balle a koma a duba, an yanki tsoka an jefar da sauran. An kashe kuɗi an karanta jinom ɗin da ba wanda zai iya rantsuwa a kan na wane ne. Don haka ki ɗauki hoton kifin yana ɗanye, a kwance ta gefen hagu, ki baje ƙayoyin bayansa da jelarsa, ki ajiye rula a gefensa da takarda mai lamba. Launi yana gushewa da wuri bayan ya mutu, kada ki ce sai kin koma masauki. Ki rubuta wurin da aka kama shi da GPS, da kwanan wata, da irin kayan kamun, da sunan da masuntan ke kiransa. Bayan kin ɗebi abin da za ki ɗiba, sauran jikin ki adana shi a kai gidan ajiyar samfuran halittu a ba shi lamba, yadda ko bayan shekara hamsin wani zai iya ɗauko shi ya ƙirga ɓawonsa. Sannan ki yi ɗan gwajin nan mai araha na yankin COI, wani ɗan yanki na DNA da ake gane nau'in dabba da shi, haruffa wajen 650 ne, ki gwada da na rumbunan bayanan BOLD da GenBank.

Abu na biyu, kifi ɗaya tak za ki yi jinom ɗin da shi. Kada ki haɗa naman kifi uku don DNA ya yi yawa, manhajar da za ta haɗa miki ruɗewa za ta yi. Ki zaɓi babba mai lafiya, ki buɗe ciki ki duba namiji ne ko mace ki rubuta.

Sai babban lamarin, sanyi. Na'urorin zamani suna son DNA mai tsawo, zare mai haruffa dubu 20, dubu 50 zuwa sama, wanda bai kakkarye ba. Da zarar kifi ya mutu sinadaran cikin jikinsa ne da kansu suke fara datsa DNA ɗin, zafin bakin teku kuma yana ƙara musu gudu. Kifin da ya kwana a cikin kwalekwale, ko ya yini a kan tebur a kasuwa ana yayyafa masa ruwa, ya yi wa tukunya amma bai yi wa wannan aikin ba. Abin da nake yi shi ne in yi magana da masunci tun kafin ya fita, in biya shi ya kawo min kifin da rai a cikin bokiti da ruwan tekun, ni kuma ina jira da kayana a shirye, an riga an rubuta lamba a jikin kowane bututu. A kashe shi ta hanyar da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ya amince, a yanka a kan ƙanƙara, ƙananan yanka kamar ƙwayar wake, kowane a bututunsa, a jefa cikin ruwan naitirojin nan take, wanda sanyinsa ya kai 196 ƙasa da sifili. A ɗebi tsoka, hanta, saifa da zuciya, matsarmama kuwa a bar ta kada ta fashe a kan sauran. Ki ɗebi jini ma in kifin ya kai girman da za a iya, domin jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya mai ɗauke da DNA, ba kamar namu ba, ɗigo kaɗan yana ba da DNA mai yawa kuma mai kyau. Ki ƙara da ƙwaƙwalwa, ido, harza, fata, hanji da ƙwai ko maniyyi saboda RNA, wato kwafin da ƙwayar halitta ke yi na ƙwayoyin gadon da ke aiki a cikinta, zan faɗa miki amfaninsu a gaba.

In ruwan naitirojin ya gagara, busasshiyar ƙanƙara, wato daskararren iskar kabon dayokside, ita ce ta biyu. In ita ma babu, itanol mai ƙarfi, kashi 95 zuwa sama, mai sanyi, a yanka naman siriri ƙwarai a canja itanol ɗin washegari, yana ceton wani abu amma DNA ɗin ba zai kai na daskararre tsawo ba. Fomalin kuwa na gawar da za a adana ne kawai, kada ya kusanci abin da za ki karanta. Kuma don Allah ki yi tunanin wuta. Firizar da ke riƙe 80 ƙasa da sifili in wuta ta ɗauke janareto bai tashi ba, samfur ya narke ya sake daskarewa, shikenan an gama da shi, ko da a ido yana nan lafiya lau. Na ga wannan ya faru a wani lab a ƙarshen mako guda, aikin watanni ya tafi. Ki raba samfuranki gida biyu a firiza biyu a gini daban-daban.

A lab ma da lallami ake bi. Idan aka fitar da DNA mai tsawo da kyau za ki gan shi da idonki a cikin bututu, fari-fari kamar zare yana tattaruwa, in kin ja shi da fifet yana yauƙi. Ba a girgiza shi da injin, ba a zuƙarsa da tsinin fifet mai ƙaramin baki, a hankali ake juya bututun da hannu, a bar shi ya narke da kansa ko da zai kwana.

Wace na'ura, kuma nawa za a karanta

Babu na'urar da ke karanta kuromosom, wato dogon zaren DNA guda cikin waɗanda jinom ya kasu, daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Gutsuttsura ake karantawa, miliyoyinsu, kwamfuta ta nemo inda bakin wannan ya hau kan bakin wancan ta ɗinke. Ki ɗauka an ba ki atamfa turmi talatin iri ɗaya an yayyanka, aka ce ki mayar da turmi ɗaya yadda yake. In ƙyallayen ƙanana ne kamar farce, zanen kuma yana maimaita kansa, ba yadda za ki san wannan furen na farkon turmi ne ko na tsakiya. In kuwa manyan ƙyallaye ne, kowane zai haɗo da wani abu da zai nuna miki mazauninsa. Jinom cike yake da wuraren da ke maimaita kansu, shi ya sa tsawo ya zama komai.

Illumina tana ba da gajeru, haruffa 150 ta kowane gefe, masu inganci da araha, amma in da ita kaɗai kika haɗa jinom zai fito miki a dubban gutsattsari. PacBio HiFi tana ba da haruffa dubu 15 zuwa 20 a kowane karatu da daidaito wajen kashi 99.9, ita ce mafi yawan masu wannan aiki suke dogara da ita yanzu. Oxford Nanopore tana iya ba da wanda ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, kuma ƙaramar na'urarsu MinION tana shiga aljihu, ana jona ta da laftof, ingancinta ma ya ƙaru sosai a 'yan shekarun nan. Sai Hi-C, wata dabara da ke nuna waɗanne sassan DNA ne ke maƙwabtaka a cikin cibiyar ƙwayar halitta, da ita ake jera manyan gutsattsarin su zama kuromosom. Ita Hi-C tana son naman da aka daskarar da shi da kyau, wani dalilin ke nan na abin da na faɗa a sama.

Yawan da ake nema a HiFi shi ne a karanta kowane wuri kamar sau 30. Wato in jinom ɗin kifinki biliyan 1 ne, kina buƙatar haruffa biliyan 30. Shi ya sa nake ba da shawara a fara da ɗan karatun Illumina, a saka a manhajar GenomeScope, ta ƙiyasta miki girman jinom ɗin da yawan maimaici da kuma yadda kwafin uwa da na uba suka bambanta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a kifin teku, domin masu yawan gaske da ke watsa ƙwai a ruwa sukan zo da bambanci mai yawa tsakanin kwafin biyu, sai manhaja ta ɗauka wurare biyu ne daban ta rubuta abu ɗaya sau biyu, jinom ya kumbura ya wuce girmansa na gaskiya.

Maganar kuɗi, aikin jinom ɗin ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya ci kusan dala biliyan 3. Yau karatun kifi mai matsakaicin jinom 'yan dubban daloli ne. Farashi yana motsi, ki nemi kwoteshan daga wurare biyu ko uku, kuma ki saka kuɗin jigila a cikin sanyi a lissafi tun farko don wani lokacin shi ne ke ba mutane mamaki.

Haɗawa da dubawa

Laftof ɗinki ba zai ɗauki wannan ba, ana son babbar kwamfuta (server) mai RAM gigabait 64 zuwa sama. In jami'arku ba ta da shi akwai Galaxy, kyauta ne ta intanet, kuma tsarin da Vertebrate Genomes Project, shirin karanta jinom ɗin dabbobi masu ƙashin baya, ke bi yana kai. Da hifiasm ake haɗa HiFi, Flye na aiki da Nanopore, YaHS na jera su da Hi-C. In an gama kada ki tsaya a kan lamba ɗaya. N50 yana gaya miki tsawon gutsattsarin, ana son ya wuce miliyan 1 kafin a jera, ya wuce miliyan 10 bayan an jera. BUSCO yana duba wasu ƙwayoyin gado 3,640 da ake sa ran samu a kusan kowane kifi mai ƙayoyin fiffike, ya gaya miki nawa ya samu cikakku, nawa suka zo biyu-biyu, nawa suka ɓata. In biyu-biyun sun yi yawa, matsalar kumburin nan ce. Ki kuma tace DNA ɗin da ba na kifin ba, na bakteriya da tsutsotsin da ke jikinsa, kifin daji ba ya rasa su. Kifayen teku da yawa kuromosom 24 suke da shi a kowane kwafi, in taswirar Hi-C ta nuna miki manyan murabba'ai 24 a jere ranar za ki yi barci mai daɗi, amma in ta nuna 22 ko 23 ba lallai kuskure ba ne, akwai masu hakan.

Bayan nan sai gano inda ƙwayoyin gadon suke a cikin wannan dogon rubutu, a nan RNA ɗin gaɓoɓin da kika tara zai yi aiki, domin abin da ke aiki a ido daban da na hanta. Manhaja irin BRAKER na amfani da shi. Ki sa ran ganin ƙwayoyin gado dubu 20 da wani abu. Wannan matakin ya fi haɗawar cin lokaci, ki ba shi watanni.

To wane amfani?

Bari in ba ki misalin da nake so ƙwarai, don shi ma kifi ne da ba a san shi ba sai kwanan nan. A ramin Mariana da ke tekun Fasifik akwai wani kifi, Pseudoliparis swirei, da ke rayuwa a zurfin mita 6,000 zuwa 8,000, sai a 2017 aka ba shi suna a kimiyyance. Fari ne sol, jikinsa taushi, ana hango hantarsa ta cikin fata, a wurin da nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu kusan sau 800. Masu bincike daga Sin suka fitar da jinom ɗinsa a 2019, suka kwatanta da na ɗan'uwansa da ke ruwa mara zurfi. Suka samu ƙwayar gadon bglap, mai hannu wajen ƙarfafa ƙashi, ta lalace a jikinsa, abin da ya dace da yadda ƙashinsa ya zauna kamar guringuntsi kuma ƙoƙon kansa bai rufe duka ba. Ya rasa da yawa daga ƙwayoyin gadon gani, a duhun da ba rana. Sannan an ga sauye-sauye a ƙwayar gadon fmo3, mai haɗa sinadarin TMAO da ke hana furotin lalacewa a ƙarƙashin matsi. Ki lura da abu ɗaya, duk wannan ya fito ne saboda sun kwatanta da wani. Jinom shi kaɗai ba ya magana sosai.

Haka kifin cod na Atlantika, wanda busasshensa ake shigo da shi Najeriya daga Nowe. Da masana a Oslo suka karanta nasa a 2011 sai suka tarar ba shi da MHC II, wani ɓangare na garkuwar jiki da a da ake ganin duk dabba mai ƙashin baya da muƙamuƙi sai da shi, kuma ga shi yana rayuwarsa. Wannan ya shafi yadda za a yi masa rigakafi in ana kiwonsa.

Amma wanda ya fi kusa da buƙatar masuntanki shi ne na herring. Shekaru ana ganin na Atlantika da na tekun Baltik kusan abu ɗaya ne, saboda 'yan alamomin da ake dubawa ba su nuna bambanci ba. Da ƙungiyar Leif Andersson a Uppsala ta karanta jinom gaba ɗaya ta kwatanta garke-garke, sai ga bambanci ƙarara a wasu wurare, tsakanin masu zuba ƙwai a bazara da masu zubawa a kaka, da tsakanin na ruwa mai gishiri sosai da mai ɗan gishiri. Ga mai tsara dokar kamun kifi wannan babban abu ne, domin in garke biyu ne kana lissafa su a matsayin ɗaya, za ka iya ƙarar da ɗaya ba ka sani ba. Irin tambayar da za a yi wa kifinki ke nan, na gaɓar Legas da na yankin Neja Delta da na Kamaru garke ɗaya ne ko kowa da nasa?

A nan zan gaya miki iyakar abin. Jinom ɗin kifi ɗaya ba zai amsa wannan tambayar ba, shi ma'auni ne da za a ɗora na sauran a kai, sai kin ƙara da kifaye da dama daga kowane wuri, su kam ɗan yankin fiffike a itanol da karatun Illumina ya ishe su. Ba zai gaya miki tan nawa ya rage a ruwa ba, ba zai maye gurbin auna tsawo da duba ƙwai da zama da masunta ba. Kuma ganin wata ƙwayar gado ta ɓata ko ta ninku hasashe ne kawai game da aikinta har sai an gwada a kan dabba mai rai. Ni kaina ƙarfina a lab da kwamfuta yake, wajen tantance nau'in kifi ina kai wa masu wannan fannin ne su duba min, ke ma ki nemi irinsu, cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da ke Legas wuri ne da ya dace ki fara tambaya.

Da ni ce ke, ga digiri na biyu mai shekara biyu da kuɗi kaɗan, zan raba abin hawa-hawa. In tattara samfur na gani na faɗa tun yanzu kamar gobe za a yi babban aikin, in yi COI, in yi karatun Illumina mara zurfi wanda zai ba ni cikakken jinom ɗin maitokondiriya, wato ɗan ƙaramin DNA na daban da ke cikin sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, haruffa wajen 16,500 da ƙwayoyin gado 37, da ƙiyasin girman babban jinom ɗin. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri mai kyau da takarda a mujalla. Da shi a hannu kuma za ki tunkari AfricaBP ko wani lab da ke cikin Earth BioGenome Project, babban shirin karanta jinom ɗin halittun duniya, ki ce ga tabbataccen kifi, ga daskararren nama, ga girman jinom, ku zo mu yi HiFi da Hi-C tare. Masu na'ura da yawa abin da suke nema ke nan ba su samu ba.

Kafin ko bututu ɗaya ya bar ƙasar, ki tabbatar da takardu. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa albarkatun gado na ƙasa ba a fitar da su sai da izini da yarjejeniyar raba amfani, kuma manyan mujallu da rumbunan bayanai suna tambaya. Ki sa jami'arku ta rattaba hannu da duk lab ɗin da za ki tura wa, a rubuta a fili wa ke da samfurin, wa zai riƙe ɗanyen bayanan, sunan wa zai zo a farko a takardar, kuma a saka cewa ke za a koya wa haɗawar ki yi da hannunki, ba a turo miki sakamako a imel ba. In kin samu hoton kifin da sakamakon COI ki turo min mu duba tare kafin ki kashe ko sisi a kan sauran.